Abin da Miki Ke Yi wa Kansa: Tarihin Sana'ar Wanke Ciwo

Sana'ar wanke ciwo daga zabirar wanzami ta fito, a ƙasar Hausa da ma Turai. A nan, tun ba a gina asibiti ko ɗaya ba, wanzami ne mai kaciya, shi ne mai ƙaho da tsaga, shi ake kira ya fasa maruru idan ya nuna. In ya gama da aska sai ya barbaɗa garin bagaruwa ko wani haɗi da ya gada wurin mahaifinsa, ya ce a kiyaye ƙuda, a yanka wa yaro kaza. A Turai ma, shekara ɗari biyar da suka wuce, likitan da ya yi karatun jami'a ba ya ɓata hannunsa da jini; yanka da ɗinki da ɗaure rauni aikin mai aski ne. Ni nas ne, a ɗakin wanke ciwo na yi yawancin aikina har na yi ritaya, don haka wanzaman nan da na can duk iyayen gidana ne. Gardamar da suka bar mana kuwa har yau ba mu raba ta ba: idan miki ya warke, nawa ne aikin abin da aka zuba masa, nawa ne aikin naman da kansa?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tayar da wannan magana a fili wani wanzamin Faransa ne mai suna Ambroise Paré. A shekarar 1537 ya bi rundunar ƙasarsa yaƙi zuwa yankin Turin da ke Italiya, yana saurayi. A lokacin an yi imani cewa raunin bindiga dafi ne, albarushi ne ke sa masa guba, kuma maganinsa shi ne a tafasa mai a tsiyaya cikin ramin harsashin. Wata rana masu rauni suka yi yawa, man ya ƙare. Paré ya rasa yadda zai yi, sai ya kwaɓa gwaiduwar ƙwai da man fure da wani mai da ake tatsa daga ƙaron itace, ya shafa wa waɗanda suka rage. Daren nan bai runtsa ba, yana tsoron ya wayi gari ya tarar da gawawwaki. Da asuba ya zagaya. Waɗanda aka shafa wa ƙwai sun yi barci, raunukansu ba su kumbura ba. Waɗanda aka zuba wa tafasasshen mai kuwa suna ta nishi, ga zazzaɓi ga kumburi. Daga ranar bai ƙara ƙona kowa da mai ba. A 1545 ya rubuta littafi kan raunin bindiga da Faransanci, harshen da wanzamai ke iya karantawa, ba da Latin na malaman jami'a ba. Ya rayu har ya yi wa sarakunan Faransa huɗu aiki, kuma an san shi da mayar da waraka ga Allah, yana ɗaukar nasa aikin a matsayin ɗauri kawai. Gwaiduwar ƙwai ba wani magani mai ƙarfi ba ce. Abin da Paré ya yi shi ne ya daina ɓata wa naman aikinsa.

Sai dai ba za a ce masu zubawa ba su da hujja ba. Shekaru ɗari uku bayan Paré, asibitocin Turai wari suke yi, mugunya na zuba daga kusan kowane yanka, har likitoci suna ɗaukar fitowarta alamar sauƙi. Wanda ƙashinsa ya karye ya huda fata, sau da yawa yanke ƙafar ake yi, kuma ko an yanke ba lallai ya tsira ba. A watan Agusta na 1865 aka kawo wa Joseph Lister, a asibitin Gilasgo, wani yaro ɗan shekara 11 da amalanke ya taka wa ƙafa, ƙashi ya fito. Lister ya riga ya karanta binciken Louis Pasteur kan ƙananan halittun da ke sa abu ya ruɓe. Sai ya jiƙa ƙyalle da sinadarin kabolik, wanda ake zubawa a magudanar ƙazanta don kashe wari, ya rufe raunin. Bayan mako shida yaron ya fita da ƙafarsa. Da Lister ya wallafa sakamakonsa a 1867, aikin tiyata ya shiga sabon zamani, kuma rayukan da tsabtar da ya koyar ta ceta ba su ƙirguwa. Amma daga nan ne tunanin ya kafu cewa miki fili ne na abokan gaba, aikin mai jinya shi ne ya kwarara masa abin da zai kashe komai.

Yaƙin duniya na farko ya gwada wannan tunani. Filayen Faransa da Beljiyam gonaki ne da suka sha takin dabbobi, ɓaraguzan bam kuma suna tura ƙasa da tsumman kaki can cikin tsoka. Sojoji na ta mutuwa da ruɓewar nama da cutar tetanus duk da kwalabe da ake juyewa a raunukansu. A garin Bulon, a cikin wani gidan caca da aka mayar asibitin soja, Almroth Wright da mataimakinsa Alexander Fleming suka buɗe ɗakin bincike. Fleming gwanin sarrafa gilashi ne. Ya ɗauki kwalbar gwaji ya narkar da jikinta a wuta, ya ja mata 'yan ƙahoni masu rami, ta zama kamar raunin da ke da loko-loko. Ya cika ta da ruwa mai ƙwayoyin cuta, ya zubar, ya cika ta da maganin kashe cuta, ya bar shi ya daɗe, ya zubar, sannan ya zuba ruwa mai tsabta. Ƙwayoyin suka sake yaɗuwa, domin maganin bai kai ƙarshen lokunan ba. Ya kuma nuna abin da ya fi wannan muni: kabolik da ire-irensa sun fi saurin kashe fararen ƙwayoyin jini, masu cinye bakteriya, a kan bakteriyar da kanta. Kamar mai feshin ciyawa ne da ya ƙone dawa ya bar ƙudujin. Shawarar Wright ita ce a yanke mataccen nama, a wanke da ruwan gishiri, a bar jini da ruwan jiki su yi aikinsu. Manyan likitocin soja da yawa ba su saurare su ba.

A cikin yaƙin nan ne, a 1915, aka haɗa wani ruwan magani a jami'ar Edinbara wanda muke kira yusol. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin wanke ciwo a ƙasar nan ya san warinsa, irin na bilic, yana gauraye da na aidin da sifirit. Ga tire na ƙarfe, ga almakashi da hantsaki, ga auduga da bandeji da filasta, ga kwalbar shuɗin maganin nan da yake rina fata da tufafi. Marasa lafiya su kan zauna a benci tun da sassafe, kowa da ƙafarsa a naɗe. Kuma su da kansu suke neman mai zafi. Wani dattijo manomi da fartanya ta sara a ƙauri, da ya ga na ɗauko ruwan gishiri kawai, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Haba ɗan nan, ruwa za ka zuba mini? Ɗauko mai zafin nan, shi ne ke ci." Na ce, "Baba, dubi nan." Na nuna masa tsakiyar mikin, jan nama mai ƙananan ƙuraje yana sheƙi, da ɗan siririn zobe mai haske-haske a bakinsa, wanda bai kai faɗin farce ba. Na ce masa wannan zoben sabuwar fata ce ke rarrafowa, mai zafin nan kuwa ita zai fara ci. Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka, yi yadda ka gani." Yusol na da ranarsa, a miki mai datti da mataccen nama. Amma a 1985 masu bincike a Ingila sun nuna cewa yana toshe ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin irin wannan jan naman. Haka ma maganar a bar ciwo ya sha iska ya bushe: tun 1962 George Winter ya nuna a fatar aladu cewa raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi ya fi saurin rufewa a kan wanda ya yi ɓawo.

To, mene ne a cikin naman da ya kamata a bar shi ya yi aiki? Fleming ɗin nan dai ya leƙa amsar. A ƙarshen 1921, bayan ya koma asibitinsa a Landan, mura ta kama shi, ya ɗiga majinarsa a kan faranti mai bakteriya. Inda majinar ta taɓa, bakteriyar ta narke. Ya bi sawu ya sami abin a hawaye, a yawu, a farin ƙwai. Har bawon lemun tsami ake matsa wa ma'aikatan ɗakin a ido don a sami hawayen gwaji, ana biyan su 'yan kwabbai. A 1922 ya wallafa binciken, aka sa wa sinadarin suna laisozayim. Ba a damu da shi sosai ba, domin ƙwayoyin da ya fi narkarwa ba masu kisa ba ne. Da Fleming ya gano fenisilin a 1928, kuma aka fara samar da shi da yawa a yaƙin duniya na biyu, sai hankalin duniya ya koma kan allura da kafso. Kusan shekara arba'in, mutane kaɗan ne suka ƙara tambayar da me fata ke kare kanta.

Waɗanda suka dawo da tambayar ba daga ɗakin jinya suka fito ba. Hans Boman na Sitokholm yana mamakin yadda ƙwari ke tsira daga cuta alhali ba su da irin garkuwar da rigakafi ke ginawa a jinin mutum. Ya riƙa yi wa tsutsar wani babban malam-buɗe-littafi na dare allurar bakteriya, yana tatsar ruwan jikinta. A 1981 shi da abokan aikinsa suka bayyana wasu gajerun furotin da tsutsar ke ƙerawa, masu kashe bakteriya nan take. A 1985 Robert Lehrer da Tomas Ganz da Michael Selsted, a Los Anjalas, suka ciro irinsu daga fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam, suka kira su difensin. Sai kuma labarin kwaɗo, wanda ya fi kowanne taɓa ni. Michael Zasloff likita ne a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, yana aiki da wani kwaɗon ruwa ɗan asalin kudancin Afirka. Ya kan tsaga cikin macen ya ɗebi ƙwai, ya ɗinke, ya mayar da ita cikin tanki mai gurɓataccen ruwa. Shekara da shekaru ana haka a ɗakunan bincike da dama, ba wanda ya tsaya ya yi tambaya. Shi ne wata rana ya ce: me ya sa ɗinkin nan ba ya ruwa? A 1987 ya fitar da amsa daga fatar kwaɗon, wani sinadari da ya kira magainin. Tambayar tasa ta mai wanke ciwo ce tsantsa, irin wadda ido ke yi kafin littafi.

Waɗannan gajerun furotin su ake kira feftayid. Furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid. Laisozayim na da wajen 130, magainin 23 kawai, difensin na jini kimanin 30. Suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa, fatar bakteriya kuwa mai alamar ɗebewa ce, don haka suna manne mata, su kutsa, su huda ta, abin cikinta ya tsiyaye. Fatar ƙwayoyin jikinmu ba ta da wannan caji a waje, shi ya sa galibi suke ƙyale ta.

Kowane feftayid yana da ƙwayar gadonsa, wato rubutun da ke cikin DNA wanda mutum ya gada daga uwa da uba, inda aka ajiye yadda za a ƙera shi. Da yawa daga cikin na difensin suna jere ne a kuromosom na 8, kuma mutane ba ɗaya suke ba a nan: wani gungu daga cikinsu, wani mutum kwafi biyu yake da shi, wani har goma sha biyu, mafi yawan mutane huɗu. Akwai kuma wani dangi da ake kira katelisidin. Shanu da aladu suna da ƙwayoyin gadonsa da dama, ɗan Adam guda ɗaya tak yake da ita, sunanta CAMP, tana kuromosom na 3. A 1995 aka gano ta, ciki har da aikin Birgitta Agerberth da abokanta a Sitokholm. Feftayid ɗin da take samarwa shi ne LL-37, mai tubala 37.

Abin da ya shafi sana'armu kai tsaye shi ne lokacin da waɗannan ƙwayoyin gado ke farkawa. A lafiyayyar fata LL-37 kaɗan ne ƙwarai. Da an yanka fatar sai ya hauhawa, wani daga fararen ƙwayoyin jinin da suka rugo wurin, wani kuma ƙwayoyin fatar bakin mikin ne ke ƙera shi. Richard Gallo ya fara ganin ɗan'uwansa a ruwan raunin alade a 1994. A 2001 shi da Victor Nizet, a San Diyego, suka cire wa ɓeraye wannan ƙwayar gado, suka sa musu bakteriyar da ke cin fata. Mikinsu ya fi na sauran ɓeraye girma da ruɓewa nesa ba kusa ba. A 2003 masu bincike a cibiyar Karolinska suka bi raunin mutum sa'a bayan sa'a, suka ga LL-37 na kai ƙololuwa wajen kwana biyu bayan yanka, sannan ya sauka yayin da mikin ke rufewa. Da suka toshe shi a fatar da suke reno a ɗakin gwaji, sabuwar fata ta kasa rarrafowa. Ashe ba kisa kaɗai yake yi ba. Yana kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin, yana taimaka wa tsirowar sababbin jijiyoyi, yana tura ƙwayoyin fata su yi gaba. Siririn zoben da na nuna wa dattijon nan, da shi ake gina shi. A 2006 kuma aka nuna a Lund ta ƙasar Suwidin cewa ko babu bakteriya ko ɗaya, yankan kansa ya isa ya tayar da ƙwayar gadon wani difensin na fata. Jiki ba ya jiran cuta ta shigo. Tsagewar fata ita ce sanarwar.

Masu binciken Karolinska ɗin nan sun duba gyambo ma, irin wanda ke shekara bai rufe ba, suka tarar LL-37 kusan babu shi a bakinsa. Na san wannan bakin da idona tun kafin in ji sunan sinadarin: mai kauri, fari-fat, a naɗe ciki, ba ya motsi mako bayan mako. Shi muke gani a ƙafar mai ciwon suga, da idon sawun mai sikila, da ƙugun wanda ya daɗe a kwance. An kuma gano, a 2004 da 2005, cewa bitamin D na cikin abubuwan da ke kunna ƙwayar gadon CAMP. Wannan ba ya nufin a shanya miki a rana. Yana dai ƙara tabbatar da abin da kowane tsohon nas ya sani, cewa mikin mayunwaci ba ya warkewa, domin da furotin ake ƙera waɗannan abubuwa duka. A nan wanzamin da ya ce a yanka wa ɗan kaciya kaza ya yi gaskiya.

Wasu al'adu ma binciken ya haska su. Wanda wuƙa ta yanka a yatsa, baki yake fara kai shi, kuma kowa ya san ramin haƙorin da aka cire ya fi raunin ƙafa saurin cikewa. A 2008 aka nuna a Amstadam cewa wani feftayid na yawu mai suna histatin yana hanzarta rufewar rauni. Gumi ma na da nasa, wanda aka gano a Jamus a 2001. Amma baki cike yake da bakteriya, cizon mutum na cikin raunukan da suka fi saurin lalacewa, saboda haka ba na ba kowa shawarar tofa wa miki yawu. Zuma ta fi samun shaida. A 1988 Spencer Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya wallafa yadda ya yi jinyar marasa lafiya 59 masu gyambon da ya gagari magani da zuma, kuma kusan dukkansu sun samu sauƙi. A 2010 aka gano cewa ɗaya daga cikin makaman zuma difensin ne da ƙudan zuma ke zubawa a ciki. Ba kuma zan wanke wanzami gaba ɗaya ba. Yaran da suka warke bayan aska ɗaya ta bi goma, namansu ne ya cece su. Akwai waɗanda tetanus ya sandarar, akwai jariran da jini ya ƙare wa bayan cire beli.

An yi ƙoƙarin zuba waɗannan feftayid a kwalba, amma abin bai zo da sauƙi ba. Man shafawa da aka ƙera daga magainin don gyambon masu ciwon suga, hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, domin bai fi maganin da ake da shi ba, gwajin da aka sake yi daga baya ma bai yi nasara ba. A Suwidin an gwada LL-37 a gyambon ƙafa, ƙaramin awo ya taimaka, babban awo bai taimaka ba. Ƙera su da tsada, ruwan gyambo kuma yana narkar da su. Yawansu ma cuta ne, domin akwai cututtukan fata da yawan LL-37 ke hura wa wuta. Duk da haka ana ci gaba da nema, saboda kafson da muka dogara da shi yana rasa kaifi. Binciken da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Har gobe ana kawo mana miki da aka zuba wa man birki, ko ruwan batir, ko fetur, ƙuna da aka shafe da man goge baki, sara da aka cusa wa ƙasa ko garin kafson da aka fasa a kemis. Kowanne sai mun fara kankare ɓarnar kafin mu ga naman. Idan kai ko ɗanka ya ji rauni, danne shi da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, wanke shi da ruwa mai tsabta mai yawa, ka rufe, ka tambayi allurar tetanus. Idan ya yi zurfi, ko cizo ne, ko ya fara ja da kumburi da wari, ko zazzaɓi ya biyo baya, a tafi asibiti ranar. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaya ce ta soke shi a tafin ƙafa, kada ya kwana bai nuna wa ma'aikacin lafiya ba.